Yadda Za Ka Zama Masanin Dala a Maamobi da Kuɗin Yayarka

Salamu alaikum, mai karatu. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na ba ka tabbacin cewa kafin wata ya mutu za a riƙa tare ka a lungu ana tambayarka nawa dala take yau, kai kuma kana amsawa kamar a aljihunka take kwana. Ba a buƙatar takardar makaranta, ba a buƙatar jari. Aikin yi ma, in kana da shi, zai rage maka lokaci ne kawai.

Wannan ne rubutuna na farko, saboda haka in an ga layi ya karkace a yi haƙuri. Amma ilimin ba nawa ba ne. Duka na kwaso shi ne daga Kawu Muftahu, ƙanen Mmata, wato mahaifiyata, wanda yake zaune a gidanmu tun da ya dawo daga tafiyarsa ta Turai, wadda ta ƙare a Agadas. Roƙona ɗaya: in ka san Mmata, Mma Rashidatu mai burkina da sobolo, wato zoɓo, ta bayan masallacin lungunmu, kada ka karanta mata.

Mataki na 1: Nemi benci

Ilimin dala ba ya zama a kan mai yawo. Nemi bes, wato inda samari suke zama shan shayin ataya, ka kama tsakiyar benci, don na dama da na hagu su ji ka daidai. Ka riƙe waya biyu. Ba dole ne duka su yi aiki ba. Ta Kawu ta biyu ta mutu tun zamanin annoba, amma har yau yana ɗaga ta ya duba, ya girgiza kai, ya mayar aljihu.

Kada ka zuba wa kowa shayi. Masani zuba masa ake yi.

Mataki na 2: Gyara fuskarka

Da safe ka bi ta gaban Alhaji Abdul-Razak mai canji, ka tsaya ka gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har wani ya zo canji ka ji farashin. Shi ke nan, binciken yini ya kammala.

Idan ka isa bes aka ce, "Muftahu, yau nawa?" kada ka amsa da sauri. Amsa da sauri aikin yaran shago ne. Ka kurɓi shayi, ka dubi sama, ka ce, "Hmm. Chale, ba kyau." Chale aboki ke nan a bakin 'yan bes. Sannan ka faɗi abin da ka jiyo, ka ɗan ƙara a kai, domin gobe za ta iske shi.

In dala ta hau, ka ce, "Ai na faɗa." In ta sauka, ka ce, "Yaudara ce, ku jira." In ta tsaya cik, ka rage murya ka ce, "Akwai abin da suke ɓoyewa." Kada ka taɓa faɗin su waye. Masani na gaske ba ya kama suna, shi ya sa ba a taɓa kama shi.

Mataki na 3: Ɗora komai a kan dala

Wannan matakin ba shi da wuya, domin duk unguwa za ta taya ka. Albasar da aka noma a Bawku ta ƙara kuɗi? Dala. Mai aski ya ƙara? Dala. Yaro ya faɗi jarrabawa? Ka bincika da kyau, za ka iske dala a ciki.

Ga misali daga gidanmu. Mma ba ta da firiza, kuma burkina, wato gero da nono, in ba sanyi ba mai saye. Don haka kullum ƙanƙara take saya wurin maƙwabciyarmu Hajiya Sala. Wata safiya aka aike ni, na iske kuɗin ƙanƙara ya ƙaru.

Na ce, "Hajiya, jiya fa ba haka na saya ba."

Ta ce, "Dala ya tashi, 'yar nan."

Na ce a hankali, domin ni ba na iya musu da manya, "Amma Hajiya, ai ruwan famfo ne."

Ta ce, "To famfon ubanki ne ya ƙera shi? Miƙo kuɗi, akwai mutane a bayanki."

Babu kowa a bayana. Da na kai labari gida, Kawu ya ce Hajiya ta fi ministoci fahimtar tattalin arziki. Ka lura da darasin: masani ba ya saɓa wa duk wanda ya ce dala ce.

Mataki na 4: Rufe bakin mai littafi

A kowane gida akwai yarinya ɗaya da take zuwa ɗakin karatu na unguwa tana dawowa da maganganu. Ita ce babbar barazana ga sana'arka. A gidanmu ni ce, kuma ina neman afuwa.

Wata rana Kawu yana yi wa Mma bayani a tsakar gida cewa wasu manya ne suke zama a wani ɗaki a Amurka kowace Litinin su yanke wa kuɗinmu sidi farashi. Na daɗe ina haɗiye magana, sai ta kuɓuce mini. Na ce a littafin da na karanta, kuɗi ma kaya ne kamar tumatir a kasuwar Nima. In masu neman dala sun fi dalar da ke ƙasa yawa, ta yi tsada. In ta yi yawa, ta yi araha. Muna samun dala ne in mun sayar wa duniya zinariya da mai da kokon gona, ko in 'yan'uwa na waje sun aiko. Muna kashe ta in mun sayo shinkafa da kaji daskararru da fetur da magani da firiza. In kaya suna tsada kullum a gida, mutane su gudu daga sidi su ɓoye dala, gudun kuma ya ƙara mata tsada. Babban banki yana iya fito da dalar ajiyarsa ko ya ɗaga kuɗin ruwa don ya kwantar da kasuwa, amma sai in akwai abin a rumbun.

Na faɗi wannan duka da numfashi ɗaya, ina kallon yatsun ƙafata.

Ga abin da za ka yi in haka ta same ka. Kada ka taɓa maganar, ka taɓa littafin.

Kawu ya ce, "Mardiya, wanda ya rubuta littafin nan ya taɓa kwana a Nima?"

Na ce, "Ban sani ba, Kawu."

"Ya taɓa kaiwa Agadas?"

"Ina jin bai taɓa ba."

"To kin gani."

Sai ya ɗora da cewa ƙarfin ƙasa a lamba ake gane shi: duk ƙasar da ake ba da kuɗinta da yawa kafin a sami dala ɗaya, ta mutu, jana'iza kawai ake jira. Na ce kuɗin Japan sai an tara fiye da ɗari kafin a sami dala ɗaya, kuma rabin motocin da ke kan titin Kanda daga can suka zo. Mma ma, tana tankaɗe gero, ta tuna shekarar da aka yanke wa sidi sifiri huɗu. Ta ce sun kwanta dala tana dubu tara da wani abu, sun tashi ba ta kai sidi ɗaya ba, kuma ba ta ga wanda ya ƙara ƙiba a lungun ba.

A nan ne za ka duba matacciyar wayarka, ka ce ana kiranka daga waje, ka fita.

Mataki na 5: Nemo kuɗin wani

Masani ba ya gwaji da kuɗinsa. Wannan ba rowa ba ce, tsari ne: mai kuɗi a ciki zuciyarsa tana rawa, ba ya ganin kasuwa da kyau. Kawu bai taɓa samun wannan matsalar ba.

Ka sa ido a kan adashin gida. Na Mma ya faɗo kanta a ƙarshen azumin 2025, kuma abin da ta kwasa ya yi daidai da kuɗin firizar da ta daɗe tana zuwa dubawa a wani shago a bakin titi, har mai shagon ya daina tashi in ya gan ta. Ta share kusurwar ɗaki. Ta sa mai gyaran wuta ya kafa soket. Ta sa kafinta ya buga katako na ɗora firizar, saboda ruwan da yake shigo mana in an yi ruwan sama. Washegari za a je a ɗauko.

A daren irin wannan, wato bayan an sha ruwa ciki ya cika, zuciya ta yi laushi, sai ka matso da kujerarka.

"Yaya, gobe za ki kai kuɗin nan shago?"

"In Allah ya kai mu."

"Hmm."

"Mene ne hmm?"

"Babu. Kuɗinki ne." Ka yi shiru, ka bar shirun ya yi aiki. "Kawai dai dala yana sha biyar da rabi. Kafin Babbar Sallah, wallahi sai ya kai ashirin. In kin mayar da kuɗin nan dala kin riƙe wata biyu, ki sayi firiza, ki sayi rago da abin da ya hau kai. Ki yanka ragonki, ki zuba a firizarki. Hajiya Sala ta zo tana leƙe."

Ka lura da inda ya sa Hajiya Sala. Wannan ita ce gwaninta. Lissafi ba ya motsa mutum, maƙwabciya ce take motsa shi.

Mma ta ce, "Kai Muftahu, ka tabbata?"

"Yaya, tun da kike, kin taɓa ganin dala ya sauka ya zauna?"

Gaskiya ba ta taɓa gani ba. Ni na buɗe baki zan ce littafin ya ce babu mai iya sanin gobe a wannan kasuwa, sai Kawu ya ce, "Farfesa, je ki wanke kofuna." Na je na wanke.

Mataki na 6: Ka kai kuɗin da hannunka

Wannan ce ranar da za ka taɓa dala karo na farko, don haka ka sa farar riga.

Kawu ya fita da jaka cike da sidi, masu ƙamshin nono da citta, kuɗin da aka tara kofi bayan kofi. Ya dawo da takardun dala huɗu a aljihun gaba. Mma ta karɓa, ta juya su, ta leƙa cikin jakar.

Ta ce, "Ina sauran?"

"Su ke nan, Yaya. Ƙarfi ne ya sa ba su da yawa."

Kafin ka miƙa, ka tabbata ka biya ta bes. Ka baza su kamar mafici, a ɗauke ka hoto, ka bar kowa ya shinshina amma kada ya taɓa. Daga ranar aka daina ce masa Muftahu a bes, aka koma Gwamna, wato na babban banki. Har wani mai sayar da taya ya zo daga Kanda neman shawara, ya kawo masa tsire.

Mma ta naɗe takardun a leda, ta sa a gwangwanin madara, ta ɗora gwangwanin a kan katakon firiza. Kullum da safe tana share kusurwar, ta ɗaga gwangwanin ta goge ƙarƙashinsa, sannan ta aike ni sayen ƙanƙara.

Mataki na 7: In dala ta juya maka baya

Ina so ka natsu a nan, domin a wannan matakin ake gane masani na gaske.

Bayan 'yan makonni sidi ta fara abin da ba a san ta da shi ba. Dala ta sauko sha huɗu. Kawu ya ce yaudara ce. Ta sauko sha uku. Ya ce tana ja da baya ne don ta yi tsalle. Ta sauko sha biyu. Ya ce akwai abin da suke ɓoyewa, amma a wannan karon shi ma muryarsa ba ta yarda da shi ba.

A rediyo masu bayani suka ce zinariya ta yi daraja a duniya, babban banki yana sakin dala a kasuwa, dalar kanta ta yi rauni a wasu ƙasashe, kuma duk wanda ya ɓoye ta a ƙarƙashin katifa ya fito da ita a guje, gudun ya ƙara karya ta. In rediyo ya fara irin wannan magana, ka ce batir yana tsada, ka kashe.

Ka daina bi ta gaban Alhaji mai canji. Ka bi ta bayan kwata, ko da za ka ɓata takalmi. A masallacin Juma'a, in liman ya roƙi Allah ya ƙara wa kuɗin ƙasa daraja, jama'a suka ce amin da ƙarfi, kai ka yi tari. Wanda yake sahu ɗaya da Kawu ne ya kawo wa Mma wannan labari, ba ni ba.

Da dala ta kai goma da 'yan kai, Mma ta ɗaura mayafi ta ce in raka ta shagon firiza. A hanya tana lissafi da baki: in dala ta faɗi, ai firiza ma ta faɗi, tunda da dala aka sayo ta, ko ba komai a tashi babu riba babu asara. Har na fara jin daɗi, domin littafin ma kusan haka ya ce.

Mai shago ya ce farashi yana nan inda yake.

Mma ta ce, "Ba kai ka ce mini bara dala ne ya sa ka ƙara ba?"

"Shi ne, Hajiya."

"To yanzu ya sauka."

"Wannan tsohon kaya ne. Da tsohon dala na saya."

"Bara da ka ƙara, ba tsohon kaya ba ne?"

Ya ce yana da kira a waya. Na duba da kyau, tasa tana aiki.

Takardun nan huɗu, in an canza su a ranar, kashi biyu cikin uku na firiza za su saya. Mma ta tsaya ta shafa murfin firizar, ta buɗe ta rufe, ta ce mu tafi. Muka kama hanyar gida. Da muka biya wurin Hajiya Sala, ƙanƙara ma tana nan a farashinta. Ta ce tsohon ruwa ne.

Mataki na 8: Ka zo cin abinci a kan lokaci

Masana da yawa suna gudu a wannan gaɓar. Kuskure ne. Gudu yana buƙatar kuɗin mota.

Ranar Babbar Sallah ba mu yanka komai ba. Maƙwabta suka aiko da nama, har da Hajiya Sala, wadda ta aiko da cinya guda da saƙon cewa in ba mu da wurin ajiya akwai wuri a firizarta, kuɗin haya kaɗan ne. Mma ta ce a gaishe ta. Ta soye naman duka, ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar ayoyo.

Kawu ya shigo da farar rigarsa, ya wanke hannu, ya zauna. A gidanmu malmala uku ake sa masa, tun dawowarsa daga Agadas. Mma ta riƙe mara, ba ta zuba ba.

"Gwamna."

"Na'am, Yaya."

"Yau nawa?"

Ya dubi sama, ya fara, "Hmm, chale..."

"Ba chale na tambaye ka ba. Nawa?"

"Goma da ɗan abu."

"Ranar da ka kai kuɗina nawa?"

"Sha biyar da rabi."

"To. Kai ka koya mini komai na duniya dala yake bi. Albasa yana bi, aski yana bi, ruwan famfo yana bi. Daga yau tuwonka ma zai bi. Sidi biyar, malmala ɗaya." Ta sa masa biyu, ta ture kwanon gabansa.

Ya dubi kwanon, ya dubi tukunyar nama. "Yaya, yau fa Sallah ne."

"Nama kuwa, sai dala ya kai ashirin. Kai ka ce zai kai. Ni ban yi karatu ba, ban je Agadas ba, maganarka na riƙe."

"Yaya, kasuwa ce, ba wanda ya san gobe..."

Mma ta juyo ta dube ni. "Mardiya, ba abin da kika so ki faɗa ba ke nan aka tura ki wanke kofi?"

Na ce ban tuna ba, domin Kawu yana kallona, kuma ni ba na son rigima. Na sunkuyar da kai na ci namana. An sa mini tsoka uku. Ban san da wane farashi aka yi lissafin ba.

Mataki na 9: Rayuwa bayan haka

Ka karɓi sabon aikinka da mutunci. Yanzu Kawu ne yake ɗauko ƙanƙara daga gidan Hajiya Sala kowace safiya, a babban baho, a ka, ruwan yana ɗiga a kan farar rigar. Ta gaban bes hanyar take, babu wata. In suka ce, "Gwamna, yau nawa?" sai ya ce wuyansa ba ya juyuwa.

Amma ka ga amfanin bin matakan nan: yau duk Maamobi babu wanda ya kai shi sanin farashin dala. Ba ya ƙara ko kwabo a kai, domin Mma tana aikawa a tambayi Alhaji kafin ta ɗauki mara. Da dala ta ɗan motsa ta koma sha biyu, ya shigo gida da murna yana neman rabin malmala. Mma ta ce ba ta da canji.

Gwangwanin yana nan a kan katako. Soket ɗin yana nan, a nan muke cajin waya. Mma ta shiga sabon adashi, kuma ta ce wannan karon daga hannun uwar adashi sai shago, ko takalmi ba za ta tsaya cirewa a gida ba.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin duk abin da ya sami wanda ya bi matakan nan ba, ko asarar firiza ce, ko ta rago, ko ramar da ta biyo baya. Ba ta san inda dala za ta kwana gobe ba, littafinta ma bai sani ba, ta sake dubawa har bangon baya. Wanda yayarsa ta rage masa tuwo ya kai ƙararsa ɗakin nan na Amurka, ranar Litinin suke zama. Wanda kuma yake son jin farashin yau, kada ya zo wurina. Ya leƙa gidanmu bayan magariba, ya ƙirga abin da ke kwanon Kawu.